Ƙoda da Jakadun da ke Tsaron Ruwan Jiki

Da bazara, in mutum ya wuni yana sassabe a gona, ko yana haƙa cikin ramin zinariya, ya kan sha ruwa moɗa bayan moɗa. Amma in ya zagaya, sai ya ga fitsarin ɗan kaɗan ne, ja kamar shayi, ga zarni. Wannan mutumin dai, da hunturu, ruwan da ya ke sha bai kai rabin na bazara ba, amma sai ya tashi fitsari sau biyu kafin asuba, ya fito fari kamar ruwan rijiya. To, wa ya ke gaya wa jiki yau a riƙe, gobe a saki?

Kafin mu amsa, sai mu san yawan ruwan da ke jikinmu. In aka kasa nauyin babban mutum kashi goma, wajen kashi shida ruwa ne. Watau mutumin da nauyinsa ya kai kilo 60 yana yawo da ruwa wajen lita 36. Jarka biyu ke nan irin ta lita 20, saura kaɗan su cika. Jariri kuwa ya fi haka, wajen kashi uku cikin huɗu na jikinsa ruwa ne.

Ruwan nan ba zalla ba ne, da gishiri a ciki. Ku ɗanɗana gumi ku ji, ko ku dubi farin zanen da ya kan bari a bayan riga in ta bushe. Kuma gishirin awo gare shi, kamar na miya. Kun ga in aka barbaɗa wa yankakken tumatir gishiri, sai ruwansa ya fito, ya yanƙwane. Haka naman jiki ya ke yi in gishirin jini ya yi yawa. In kuwa ruwa ya rinjayi gishiri, sai naman jiki ya kumbura kamar waken da aka jiƙa. Ƙwaƙwalwa ce ta fi shan wahala a nan, domin tana cikin ƙoƙon kai, ba ta da wurin da za ta kumbura. Saboda haka tilas ne a sami mai tsaron awon nan dare da rana. Aikin ƙoda ke nan.

Yadda ƙoda ta ke aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya san ƙoda. Ta mutum ma kusan haka ta ke. Guda biyu ce, a kwiɓi ta wajen baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Siffarta kamar ƙwayar wake, girmanta kamar dunƙulen hannu. Ƙarama ce, amma cikin jinin da zuciya ta ke turowa in mutum yana hutawa, wajen kashi ɗaya cikin biyar ƙodojin nan biyu ya ke zuwa.

Cikin ko wace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, ba a ganinsu sai da madubin likita. Ko wace matata tana da kai, tana kuma da dogon bututu siriri mai lanƙwasa. A kan ne a ke tace jini, kamar yadda mace ta ke tace gasara: dusa ta tsaya a ƙyalle, ruwa ya wuce. Ƙwayoyin jini da furotin, watau abin gina jiki, su ne ke tsayawa. Ruwa da gishiri da sukari da datti duk su wuce cikin bututu.

Nawa ne ruwan da ke wucewa haka a kwana ɗaya? Wajen lita 180. Jarka tara ke nan, kusan cikin duro guda. Wani zai ce, ina mutum ya sami wannan ruwa, alhali kuwa duk na jikinsa bai cika jarka biyu ba? Ai ruwa ɗaya ne ke ta zagayowa. A tace shi, a mai da shi jini, ya sake dawowa a tace. Cikin lita 180 ɗin nan, abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne kurum. Sauran duka bututun ya kan tsotse shi ya mai da cikin jini, tare da sukari da gishirin da jiki ke so.

Abin ya yi kama da mace mai gyaran ɗaki gab da salla. Ba ta bin lungu lungu tana neman shara. Sai ta fitar da kaya duka tsakar gida, ta share, sa'an nan ta mai da tasoshi da tabarmi da duk abin amfani, ta bar tarkace a waje. Aiki ne mai yawa, amma ko dattin da ba ta san da shi ba ya fita.

Mafi yawan ruwan nan ya kan koma jini da kansa, ba sai an ba da umurni ba. Amma akwai ragowa, wajen lita 20, wadda ta kan kai ƙarshen bututu tana jiran hukunci. Ko a mai da ita jini, ko a sake ta ta tafi mafitsara. Masu kawo hukuncin nan su ne abin da likitoci ke kira homon. Wani likita a London, Ernest Starling, shi ya fara kiransu da sunan nan a 1905. Mu sai mu kira su jakadu.

Homon ɗan sinadari ne wanda wata gaɓa ta ke zubawa cikin jini don ya kai saƙo ga wata gaɓa. Jini kuwa ba inda ba ya zuwa. To, yaya saƙon ba ya ɓata? Ku tuna da mai shela. In ya ce maƙera su hallara ƙofar fada, duk gari an ji, amma maƙera kaɗai ke tashi. Haka jakadan ƙoda ya kan ratsa ido da ƙafa da hanji, ba wanda ya kula da shi, sai ya isa inda a ke jin maganarsa.

Jakadan riƙe ruwa

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani wuri da ke ɗanɗana jini kullum, kamar mai miya da ludayi a hannu. Ko da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari gishirin jini ya ƙaru, ya ji. Wani masani a Kambirij ta Ingila, E. B. Verney, shi ya nuna haka a 1947, da gwajin da ya yi a kan karnuka.

In wurin nan ya ji jini ya yi gishiri, abu biyu ya ke yi. Na farko, ya sa mutum ya ji ƙishirwa. Na biyu, ya aika ga wani ɗan ƙulli da ke rataye ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, girmansa kamar ƙwayar wake, a ke kiransa fituwitari. Nan ne masaukin jakadan riƙe ruwa, wanda likitoci ke kira basofuresin. Sai ya fito, ya bi jini, ya isa ƙarshen bututun ƙoda. Da isarsa sai waɗansu 'yan ƙofofi su buɗe a jikin bututu, ruwa ya bi ta cikinsu ya koma jini, datti ya wuce da ɗan ruwa kaɗan. Fitsarin bazara ke nan, kaɗan, mai kauri, mai launi. 'Yan ƙofofin ruwan nan ba a daɗe da gano irinsu ba. Wani Ba'amurke, Peter Agre, shi da abokan aikinsa suka bayyana su a 1992, har aka ba shi lambar Nobel a 2003.

In kuwa mutum ya kwankwaɗi ruwa mai yawa gaba ɗaya, jini ya kan tsinke. Sai a tsai da jakada a gida. Wanda ya riga ya fita ba ya daɗewa cikin jini, 'yan mintoci ne ƙarfinsa ya ragu. Ƙofofi su rufe, ruwa ya zarce mafitsara. Kafin awa guda mutum ya fara zagayawa, cikin awa biyu zuwa uku mafi yawan abin da ya sha ya fita.

Wannan ya shafi mai azumi. Waɗansu su kan bari sai an kusa kiran assalatu, su ɗura ruwa kofi biyar, wai suna guzuri. Jiki ba salka ba ne. Kafin hantsi ƙoda ta zubar da rarar. Abin da ya fi shi ne a riƙa sha kaɗan kaɗan tun daga buɗa-baki har sahur, a haɗa da abinci, domin ruwan da ya shiga tare da abinci a hankali ya ke shiga jini. Kunu da fura sun fi ruwa zalla zama a ciki.

Da dare jakadan nan ya kan ƙaru, don mutum ya samu ya yi barci. A jikin waɗansu yara wannan ƙaruwar dare ta kan yi jinkirin daidaita, sai mafitsara ta cika suna tsakiyar barci mai nauyi. Yana cikin dalilan fitsarin kwance, kuma abin ya kan bi dangi. A ganina babu amfanin dukan yaro, ko a tara masa yara suna yi masa waƙa, a kan abin da ya faru yana barci. A rage masa sha in dare ya yi, a sa shi ya yi fitsari kafin ya kwanta. Mafi yawansu su kan bari da kansu in sun ƙara girma. In yaron da ya daɗe da bari ya koma yi, ga yawan ƙishirwa, ga rama, wannan kam a kai shi asibiti.

Giya ta kan hana jakadan nan fita, shi ya sa mashayi ya ke yawan fitsari, ya wayi gari da bushewar maƙogwaro. Sanyi kuma ya kan matse jijiyoyin fata, jini ya taru a cikin jiki, sai jiki ya ɗauka ruwa ya yi yawa, ya saki. Ga shi kuma ba a gumi. Amsar fitsarin hunturu ke nan.

Akwai wata cuta, ba ta da yawa, inda jakadan ba ya fitowa sam, ko kuwa ƙoda ba ta jin maganarsa. Mai ita ya kan yi fitsari lita 10, wani har kusan 20 a kwana, ba ya rabuwa da buta. Dabam ta ke da ciwon sukari. A ciwon sukari, sukari ne ya yi yawa cikin jini har bututu ya kasa mai da shi duka, ya fita ya ja ruwa tare da shi, har kiyashi ya taru inda aka yi fitsarin.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe. Jakadan nan tsimi kurum ya iya, bai iya haƙa rijiya ba. Komai ƙarfinsa, tilas ƙoda ta fitar da wajen rabin lita a kwana, domin datti ba ya fita a bushe. Gumi kuwa ba ya jin maganarsa. Mai aikin ƙarfi cikin zafi ya kan zubar da lita guda a awa, wani lokaci fiye. Raƙumi ya fi mu a nan. Ƙodarsa ta kan kaurara fitsari fiye da tamu nesa, kuma ya kan jure rashin ruwan da zai kashe mutum. Tozonsa kuwa kitse ne, ba ruwa ba. Mu ba raƙuma ba ne. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Jakadun gishiri

Wani lokaci ba ruwa kaɗai mutum ya ke rasawa ba, har da gishiri: gudawa, amai, zubar jini wajen haihuwa, gumi mai yawa. A nan ɗanɗanon jini bai sāke sosai ba, yawansa ne ya ragu. Ƙoda da kanta ta kan ji, domin ƙarfin jinin da ke shigo mata ya yi ƙasa, kamar yadda mai lambu a bakin gulbin Zamfara ya kan gane ruwa ya ja baya tun daga lambatunsa.

Sai ƙoda ta saki wani sinadari, sunansa renin. Shi ba ya kai saƙon da kansa. Ya kan tarar da wani abu da hanta ta zuba cikin jini, ya yanke shi. Yankakken ya bi ta huhu, a ƙara gyara shi, ya zama jakada mai ƙarfi, anjiyotensin. Kamar saƙo ne daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada. Anjiyotensin ya kan matse jijiyoyin jini don ƙarfin jini ya tashi. Ya kan ƙara ƙishirwa, ya ta da jakadan riƙe ruwa. Sa'an nan ya je ga wani ɗan nama da ke zaune bisa ko wace ƙoda kamar hula, ya sa shi ya saki aldosteron.

Aldosteron shi ne jakadan riƙe gishiri. Ya kan ce wa bututu, kada a bar gishiri ya fita. Ruwa kuwa bin gishiri ya ke yi, kamar ɗan akuya da uwarsa. Inda aka riƙe gishiri, an riƙe ruwa. Har wa yau shi ne ke rage gishirin da ke fita cikin gumi. Shi ya sa wanda ya saba aiki a rana guminsa bai kai na baƙo gishiri ba, kuma baƙo ya kan yi mako ɗaya ko biyu kafin jikinsa ya saba.

Zuciya ma tana da nata jakadan, mai aikin kishiyar wannan. In jini ya yi yawa har ya miƙe bangonta, sai ta aika wa ƙoda cewa a saki gishiri da ruwa. An gano shi a ƙasar Kanada a 1981.

Jakadu ba su da ido, abin da aka gaya musu su ke kaiwa. In zuciyar mutum ta raunana, jini ba ya isa ƙoda da ƙarfi. Sai ƙoda ta ɗauka ruwa ne ya ƙare, ta yi ta riƙe gishiri da ruwa, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Shi ya sa likita ya kan ba irin wannan majinyaci ƙwayar sa fitsari, ya hana shi gishiri. Ba gishirin kasuwa kaɗai ba. Dunƙulen miya mafi yawansa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce. Mai hawan jini ya lura da wannan. Cikin magungunan hawan jini akwai waɗanda aikinsu tare hanyar anjiyotensin ne, kuma asalin na farkonsu daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Barazil aka samo shi. Mace mai ciki kuma, in fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ga ciwon kai, kada a jira, a je a auna jininta da fitsarinta.

In gudawa ta yi tsanani, kamar ta kwalara, jakadun nan duka su kan fito gaba ɗaya, amma ɓarnar ta fi ƙarfinsu. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da dubu ɗari a Nijeriya, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da ta fi taɓawa. Alamar da uwa za ta duba ga yaro mai gudawa ita ce fitsari. In ya wuni bai yi ba, ido ya faɗa, baki ya bushe, maɗiga ta lotsa, to, ƙoda ta rufe ƙofa duka, babu sauran abin tsimi. In aka daɗe a haka ƙodar kanta ta kan tsaya. Ruwa zalla bai isa ba, tun da gishiri ma ya fita. A kaɗa ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na asibiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin, cikin lita ɗaya. Kada a ƙara gishiri bisa haka. Sukarin nan ba don daɗi ba ne, shi ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa ya bi su. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, ko yana amai, a ci gaba da ba da nono, a kama hanyar asibiti.

Dalma da ƙoda

Duk abin da muka faɗa yana tafiya daidai ne in ƙodar lafiyayya ce. In bututu ya lalace, jakada ya yi ta sallama, ba mai amsawa. Mutanen Abare ba su bukatar a gaya musu abin da ke iya lalata shi.

A 2010 ne aka gane abin da ke kashe yara a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Abare da Dareta da 'Yargalma da Tungar Daji da Bagega. Dutsen zinariyar da a ke kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin, cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta sauka a tsakar gida, a kan abinci, a hannun yara masu rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wadda a ke kira MSF, ta buɗe wuraren jinya a Anka da Bukkuyum. Tsakanin 2010 da 2011 aka kwashe ƙasar saman gidajen Abare da waɗansu ƙauyuka aka binne, aka zuba sabuwa. Ta Bagega sai a 2013.

Abin da kowa ya gani a lokacin shi ne ɓarnar dalma a ƙwaƙwalwa: jijjiga, suma, makanta. Amma ku tuna da maganin da aka riƙa ba yara, ƙwayar nan mai wari da a ke sha kwana da kwanaki. Sunanta sakisima. Aikinta shi ne ta kama dalma cikin jini, ta riƙe ta, su tafi ƙoda tare, a fitar da su cikin fitsari. Watau dubban yaran da aka yi wa magani, ta ƙoda gubar ta fita daga jikinsu. Dalilin da ya sa ba a yarda yaro ya sha magani ya koma gida mai ƙurar dalma ba ke nan. Ba a kwalfe rijiya ana zuba mata ruwa.

Ƙofar da guba ta ke bi ta fita kuwa, ita ma ta kan ji jiki. Dalma ta kan taru a farkon bututun matata, wurin da a ke mai da sukari da sauran abin amfani cikin jini. In ta yi yawa sai su riƙa zuba cikin fitsari. Wannan ya kan warke in an raba mutum da gubar da wuri. Amma in shekara da shekaru dalma tana shiga, matatai su kan mutu ɗaya bayan ɗaya, ƙoda ta tsuke. Matatar da ta mutu ba ta dawowa. Dalma kuma ta kan sa hawan jini, hawan jini ya ƙara cin ƙoda. Har wa yau ta kan ɓuya cikin ƙashi shekaru masu yawa, tana fitowa kaɗan kaɗan, musamman ga mace mai ciki ko mai shayarwa.

An taɓa ganin ƙarshen irin wannan a wata ƙasa. A jihar Kwinsland ta Ostareliya, shekaru fiye da ɗari da suka wuce, yara sun riƙa cin dalma daga fentin barandar gidajensu. Da yawa sun tsira, sun girma. Amma likitocin can suka lura cewa cikinsu da yawa ciwon ƙoda ya kama su suna samari da 'yan mata. Ba cewa na ke haka za ta faru ga kowa ba, kuma yaranmu da yawa sun sami maganin da waɗancan ba su samu ba. Na kawo labarin ne domin ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum ya kan rasa fiye da rabin aikinta bai ji komai ba. Ɗaya daga alamun farko ita ce yawan tashi fitsari da dare, ko ba sanyi, domin ƙodar ta fara kasa jin maganar jakadan riƙe ruwa.

Saboda haka mai aikin dutse ya bar dutse a daji, kada ya kawo gida. A jiƙa shi kafin a niƙa, don ƙura ta kwanta. A yi wanka, a sāke tufafi kafin a shiga cikin iyali. Injin da ya niƙa dutse kada ya niƙa hatsi. A shiga rami da ruwa, a sha tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba, har fitsari ya yi haske kamar ruwan kara. Akwai kuma wata al'ada da na ke so a bari. Mutum ya fito aiki jikinsa a bushe, ya sayi ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak ya haɗiya, kullum, kamar goro. Ƙwayoyin nan su kan rage jinin da ke shiga ƙoda, a daidai lokacin da anjiyotensin ya riga ya matse jijiyoyi. In tilas ne, farasitamol bisa awo ya fi sauƙi ga ƙoda. In ƙoda ta tsaya gaba ɗaya, sai wankin jini da inji, sau biyu ko uku ko wane mako, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Sakkwato, da kuɗin da ya fi ƙarfin manomi.

Jini a ƙarshen fitsari, wanda ya yi yawa ga yara masu wanka a gulbi da tafki, mafi yawa tsargiya ce. Daga mafitsara ya ke fitowa, ba alamar balaga ba ce, kuma tana da magani. Fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya kuwa, yana iya zama furotin ne ke zuba daga matata.

Yaran da aka yi wa maganin dalma a 2010 yanzu sun girma, waɗansu har sun yi aure. Su, da duk wanda ya daɗe yana aikin dutse, ya kamata su je asibiti ko sau ɗaya a shekara, su gaya wa ma'aikaci cewa sun taɓa shan dalma. Zai ɗaura musu abin awon jini a dantse. Zai ba su 'yar kwalba su kawo fitsari, ya tsoma wata 'yar takarda mai launi a ciki, cikin minti biyu ta nuna ko akwai furotin, ko sukari, ko jini. In ya ga alama, sai ya ɗebi jini kaɗan a auna yawan dattin da ƙoda ta bari a ciki.